Tsohon Labari da Motar Lemon Isufu

Kowace safiya, idan na idar da sallah na sha koko, sai in ɗauki waya in taka zuwa bakin ƙofar iyaka a Magama. Ina farawa daga motar ƙarshe a layi, in bi su ɗaya bayan ɗaya har in kai ta gaba. Ina duba wadda ta kwana da wadda ta iso da asuba. In tambayi waɗanda suka fito daga Katsina yadda suka baro hanya, in tambayi waɗanda suka ƙetaro daga Ɗan Isa yadda can ɗin yake. Daga nan in zauna a bencin mai shayi in rubuta layi biyar ko shida, in sa a shafina na intanet. Samarin da ke zama a wurin sukan yi dariya su ce Malam Lawali ya samu sana'ar hutu, danna waya kawai. Domin ku nake wannan rubutu, samari, da duk wanda yake son buɗe irin wannan shafi yana zaton iyakar aikin ke nan.

Fiye da shekara ashirin na yi ina dako a tashar nan. Buhun wake, buhun albasa, masara, kanwa, babu wanda bai hau wuyana ba. Ban iya karatun boko ba sai da furfura ta fara fito mini a gemu. Na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a wata firamare cikin Jibiya, mu kusan goma sha biyar, duk magidanta. Malaminmu, Malam Sa'idu, mutum ne mai son tsabtar takarda. Idan ya ga ka yi kuskure kana ta kankarewa, sai ya ce, "Bar wannan. Yage ta, ka ɗauki sabuwa ka sake daga farko. Takardar da za ta bar hannunka ta fita da tsabta." Da wannan doka na koyi rubutu, kuma ku riƙe ta a ranku, don za ta dawo a cikin labarin nan.

Abin da ya kai ni ga buɗe shafi ba wani dogon tunani ba ne. Ɗan dako ya fi kowa sanin halin da ƙofa take ciki, tunda a nan yake yini. Direba zai bugo wa wani waya daga Funtuwa ko daga Maraɗi, tambayarsa ɗaya ce: yaya ƙofa, layi ya yi tsawo? Da na iya rubutu, sai na ga amsar da nake bai wa mutum ɗaya da baki zan iya ba mutum ɗari ita a rubuce. Na je wurin Ilyasu, mai shagon buga takardu da ɗaukar hoto a bakin kasuwa, sa'ana ne, tare muka tashi. Shi ya buɗe mini shafin, ya nuna mini inda ake sa kan labari da inda ake sa jikinsa da inda ake dannawa ya fita. Kayan aikina tun daga ranar ba su canja ba: waya, batirin caji na aljihu, ƙaramin littafi da biro, da takalmi mai ƙwari.

Wata huɗu na yi ina rubutu kullum, masu karantawa ba su kai goma ba, kuma uku daga cikinsu 'yan ajinmu ne. Na koma wurin Ilyasu na ce masa abin nan ba ya tafiya. Ya ce, "Ka haƙa rijiya a bayan gari kana jiran mutane su bar aikinsu su zo ɗiba. Direba ba zai tuna da adireshinka kullum ba. Kai za ka kai masa." Sai ya nuna mini wani abu da kowane shafi irin nawa yake da shi a ɓoye, ana ce masa RSS. Adireshi ne na musamman wanda yake ɗauke da jerin sababbin rubuce-rubucenka. Duk wanda ya jona da shi, da zarar ka sa sabon labari, zai je masa da kansa, ko a imel, ko a manhajar karanta labarai, ko a wani shafin daban da ke tattara labaran mutane. Ni da na taɓa aikin rani a gonakin dam, nan take na gane. Na ce, "Wato magudana ce. A saki ruwa daga sama, ya bi ya shiga kowace gona." Ilyasu ya ce in kira ta duk abin da na ga dama. Har yau magudana nake ce mata.

Aiki na farko da magudanar ta koya mini shi ne yadda ake buɗe labari. Ilyasu ya jona wayarsa da ita, ya miƙo mini ya ce in duba. Labarai goma ne a jere, kowanne ana ganin kansa da layi biyu na farko kawai. Duka goman kansu ɗaya ne, "Labarin yau", kuma duka sun fara da sallama da gaisuwa mai yawa ga direbobi da 'yan kasuwa da fatan kowa ya tashi lafiya.

Ya ce, "Malam Lawali, ka gaida mutum sau goma, ba ka gaya masa ko ruwa ya cinye hanya ba."

Na ce, "To in faɗa wa mutane magana ba sallama? Ba haka aka rene ni ba."

"Ka mayar da ita ƙarshe."

"Sallama a ƙarshe ai korar baƙo ce."

Muka yi ta ja har shayinsa ya huce. Inda muka tsaya shi ne, kan labari da layin farko na hanya ne, gaisuwa ta biyo baya a layi na uku. Tun daga nan nake rubuta irin su "Layi ya kai gidan mai, masu wake ne suka fi yawa", sannan in gaisa. Babu wanda ya taɓa cewa na yi masa rashin kunya.

Aiki na biyu da ƙafa aka yi shi. Magudana ba ta haƙa kanta. Na rubuta adireshinta a ƙananan takardu, na bi mutane ɗaya ɗaya. Sakataren direbobi na tasharmu yana da zaure a waya inda suke aika wa juna saƙo. Sau uku na je wurinsa kafin ya yarda Ilyasu ya haɗa masa yadda labarina zai riƙa faɗawa zauren da kansa. Akwai wani mutum a Kano mai shafin da ke tattara labaran Hausa daga wurare da yawa. Na yi kwana biyu ina tsara wasiƙar da zan aika masa, ya amsa da kalma uku, ya jona. Daga shafinsa 'yan kasuwar hatsi na wasu garuruwa suka gan ni, su ma suka ɗauka. Ban taɓa ganin fuskar mafi yawansu ba.

Akwai wurin da na ƙi bin shawarar Ilyasu. Ana iya saita magudana ta aika gutsuren labari kawai, don mai karatu ya danna ya zo shafinka ya ƙarasa. Shi haka ya so. Ni kuwa na san direba a hanya sabis ɗinsa yana zuwa yana ɗaukewa, datarsa kuma a ƙididdige take. Na ce a aika labarin gaba ɗaya. Ya ce ba za su riƙa shigowa shafin ba. Na ce ba ziyara nake nema ba, so nake su san halin ƙofa. Abin da ya biyo baya shi ne suka riƙa tura wa juna, kuma a ƙasan kowane labari akwai sunan shafin. Ta nan masu karatu suka yi yawa, har mai sayar da tayoyi da mai masaukin direbobi suka fara ba ni talla. Daga nan na ajiye dako.

Cikin waɗanda suka fara jonawa akwai Isufu, direban babbar mota, mutumin wani ƙauye kusa da Maraɗi. Shi kamiyo yake ce wa motarsa. Tun ina dako muka saba, yakan tsokane ni cewa buhuna biyu nake ɗauka in huta uku. Da ya ga labarina a wayarsa, sai ya tsaya a bakin benci ya ce, "Kai, ɗan dako ya zama ɗan jarida. To mi kake rubutawa yau?" Daga baya shi ne yake gaya wa abokansa cewa idan Lawali ya rubuta, ba sai an buga waya an tambaya ba. Wannan magana ita ce jarina duka. Ba ni da shago, ba ni da mota. Abin da nake da shi shi ne idan na ce hanya a buɗe take, mutum zai yi lodi.

Sai shekarar da aka rufe iyaka ta zo, rufewar da ta daɗe. Tasha ta yi tsit. Masu abinci suka rage tukwane, 'yan dako suka koma gona, masu talla suka janye. Isufu rufewar ta same shi a wannan ɓangaren, sai ya riƙa ɗaukar ƙananan lodi a cikin ƙasa yana jiran ranar komawa gida. Ni kuma kullum in je ƙofa in dawo da labari iri ɗaya: ba a buɗe ba. Duk da haka ban fasa rubutawa ba ko kwana ɗaya, don magudanar da ta bushe mutane mantawa suke yi da ita.

Zaman banza ne ya sa wata rana da hantsi na koma ina karanta tsofaffin rubuce-rubucena na shekarar farko. Na ga kurakurai birjik, kalmomi a manne, wasu haruffa sun ɓace. Hannuna ya riga ya gyaru, sai na ga bai kamata waɗannan su zauna da sunana a kai ba. Akwai wurin da ake dannawa a gyara rubutu a inda yake, na san da shi. Amma ni ɗalibin Malam Sa'idu ne. Na kwafe guda biyar a littafina da kyau, na goge tsofaffin, na sake buga kowanne sabo fil daga farko. Ɗaya daga cikinsu na rubuta shi ne tun wani lokaci can baya da aka rufe ƙofar kwana biyu kacal aka buɗe. Kansa yana cewa, "An buɗe ƙofa, motoci sun fara wucewa yau." Babu rana a jikinsa, babu wata. "Yau" kawai.

Na gama na ji daɗin aikina, na hau babur na tafi Daddara taya yayana yankan gero. Gonarsa a kwari take, sabis ba ya kaiwa. A can na kwana.

Abin da ban sani ba shi ne, magudana ba ta karanta abin da ke cikin labari. Idan ka gyara tsoho a inda yake, tana gane shi, ta bar shi. Idan ka goge ka sake bugawa, a wurinta sabo ne, da sabuwar rana. Kafin in kai Daddara labarin ya shiga zauren direbobi, ya hau shafin mutumin Kano, ya faɗa imel ɗin 'yan kasuwa. A makon kuma dama ana ta raɗe-raɗin za a buɗe.

Washegari da rana ina tsakiyar gona sai ga Ilyasu a kan babur, ya rufe shagonsa ya biyo ni. Bai ko sauka ba ya ce, "Malam Lawali, kai ka buɗe iyaka?" Na ce wace iyaka. Ya miƙo mini wayarsa.

Da muka hau tudu sabis ya dawo, abu na farko da na yi shi ne na goge labarin. Ilyasu ya ce, "Ka goge naka. Na wayoyin mutane fa? Ruwan da ya shiga gona ba ya komawa dam." Ya ce in rubuta sabo, shi kaɗai ne zai bi hanyar da wancan ya bi. A nan bakin hanya, a tsaye, na rubuta: "Ba a buɗe ƙofa ba. Labarin jiya tsoho ne, kuskurena ne." Na sa rana da wata. Na bayyana yadda aka yi, ban ɗora wa waya ko sabis ba.

Yawancin mutane sun buga waya sun tambaya kafin su motsa, wasu sun zage ni, abin ya tsaya nan. Isufu bai tambayi kowa ba. Yana can kudu ya sauke wani kaya lokacin da labarin ya same shi. A ranar ya cika motarsa da lemon zaƙi, da niyyar ya zama na farko da zai shiga da shi Maraɗi. Gyarana ya iske shi ya riga ya yi rabin hanya. Ya ce a ransa wataƙila na biyun ne kuskure, ya ƙaraso.

Ina bencin mai shayi da safe motarsa ta tsaya. Ya sauko, ya kalli ƙofa a rufe, ya zo ya tsaya a kaina. Bai ɗaga murya ba.

"Lawali, ina buɗewar?"

Na miƙe na ce, "Babu ita, Isufu. Ni na yi kuskure."

"Kuskure. Ka san mi ke cikin kamiyon ga?"

"Ina jin ƙamshinsa."

"Jibi ba ƙamshi za ka ji ba." Ya ciro wayarsa ya nuna mini. "Ni na ce ma mutane in ka rubuta ba sai an tambaya ba. Ni na faɗa da bakina."

Na ce masa ba ni da abin da zan mayar masa da shi, amma ya ba ni izini in rubuta cewa akwai lemo a Magama. Ya ce in rubuta abin da na ga dama, wa zai ƙara yarda da ni. Na ɗauki hoton motar da lemon a buɗe, na sa rana da wata a kan labarin, na ce duk mai saye ya zo da buhunsa. Na ƙara da cewa lemon nan saboda kuskurena ya zo, don haka ina roƙo.

Ranar farko mutum uku suka zo, biyu ma don su ga ko wannan karon gaskiya ne. Da suka koma suka faɗa, sai kashegari masu baro da masu tebur na cikin Jibiya suka fito. Wani ya zo da a-kori-kura daga Bugaje, wasu mata masu sayarwa a gida suka aiko daga ƙauyen Kusa, wani ɗan kasuwa da ya gani a shafin mutumin Kano ya turo ƙaramar mota daga Katsina. Na tuɓe riga na koma sana'ata ta da, ni na sauke mafi yawan buhunan nan. Kwana uku muka yi. Lemon da ke sama ya fita, na tsakiya ya fita da araha, na ƙasa ya riga ya narke, da shebur muka kwashe shi. Isufu ya yi asara, ba zan ce bai yi ba. Da zai tafi na miƙa masa hannu, ya karɓa, sannan a gabana ya cire shafina daga wayarsa. Sakataren direbobi ma ya yanke magudanar daga zaurensu, sai da na yi wata biyu ina zuwa gaishe shi kafin ya mayar.

Na je na gaya wa Malam Sa'idu abin da dokarsa ta jawo. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ni takarda na koya maka, Lawali. Takardar da ka yaga tana kwandon shara. Ban san akwai wadda ake yagawa ta tashi ta tafi kudu ba." Tsofaffin rubuce-rubucen da suka rage na bar su yadda suke, da kurakuransu. Wanda ya shiga zai ga inda na faro.

Tun daga lokacin kowane kan labari nawa da rana da wata yake farawa. Ba na rubuta "yau" ita kaɗai. Ba na goge abin da ya riga ya fita. Idan na yi kuskure, sabon labari nake yi in ce ga abin da na faɗa, ga daidai. Wayar Ilyasu har yanzu a jone take, kuma duk abin da na saki sai na leƙa shagonsa na ga yadda ya sauka a wurin mai karatu. Idan zan je inda babu sabis, ba na taɓa shafin a ranar.

Ranar da aka buɗe ƙofar da gaske ina wurin. Jama'a suna ta murna, kowa ya ɗaga waya. Ni ban rubuta komai ba sai da na ga mota ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, na bi ta uku da ƙafa har ta ƙetare. Sannan na zauna na rubuta rana da wata da ƙarfe nawa, na sa hoton motar tana tsallakawa. Wasu sun riga ni da kusan awa guda. Ban damu ba.

Bayan kwana biyu ina bin layi da safe kamar kullum, sai na ji an danna mini ham. Isufu ne, motarsa cike da masara, ya leƙo ta taga.

"Ɗan dako, layin ga ya kai ina?"

Na ce, "Kai ne na goma sha ɗaya. Kafin azahar ka wuce, in Allah ya so. Wa ya gaya maka an buɗe?"

"Kowa na faɗi tun shekaranjiya. Ban yi lodi ba." Ya ɗago wayarsa ya juyo mini da fuskarta. Labarina ne a kai. "Sai da na ga wanga. Sau biyu na duba kwanan watan."

"Ka mayar da ni cikin wayarka ke nan."

"Na mayar. Amma ka lura, masara na ɗauko. Ita ko ka sake yin kuskure, tana iya jira."

Motar gabansa ta motsa, ya sa giya. Ni kuma na ci gaba da bin layin, don saura motoci goma ban tambaya ba, kuma mutane suna jiran labarin safe.